Kibiya Uku a Faifai Ɗaya

Ban taɓa riƙe baka ba. A gidanmu mace ba ta taɓa shi, ba ta ƙetare shi, ko faɗowa ya yi daga bango sai ta kira namiji ya ɗauka. Amma ban san wanda ya kalli halbi kamar yadda na kalle shi ba, domin babana mahalbi ne, kuma ni kaɗai Allah ya bar masa. Maza biyu da aka haifa kafin ni sun koma tun suna goye. Ni ce mai kai masa ruwa bayan gari inda yake gwada kibau, in sami dutse in zauna in yi shiru. Ba ya son magana in yana riƙe da baka, ni ma ban iya surutu ba, sai muka dace.

Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, a gindin wani tudun duwatsu. Mutane suna cewa asiri ne ya sa kibiyar babana ba ta kuskure. Ni da nake zaune kusa na ga abin da yake yi. In ya gama halbi ya tafi tsamo kibau, nakan je in duba inda ya tsaya. Sawu biyu kaɗai nake tararwa, ko da ya saki kibiya ashirin. In kuwa ya ja tsirkiya, babban yatsansa yana zuwa ya taɓa ƙashin muƙamuƙi, ƙasan kunne kaɗan, wuri ɗaya kullum, har wurin ya yi kanta. Wuyansa a miƙe, haɓarsa ba ta motsi. Ban ga wani asiri da ya wuce wannan ba.

Da ya tsufa ido ya tafi. Lokacin ina da aure a Tahoua, da ƴaƴa huɗu maza, autansu yana rarrafe. Na zo ganin gida bayan kaka, ina tsakar gida ina dama masa fura, sai ga ɗan ƙanen babana ya shigo da mahalba biyu. Ya girme ni da shekara uku, tare muka tashi, yaya nake ce masa. Bai ko zauna ba. Ya gaida tsoho a tsaye, ya shiga ɗaki, ya fito da baka da kwari a kafaɗa.

Na ce, “Yaya, ina za ka da shi?”

Ya ce, “Baka ba ya kwana ɗakin makaho. Ƙwari za su cinye shi a banza.”

“Mai shi yana da rai. Ga shi nan zaune, yana jin ka.”

“Yana da rai, amma ba shi da magaji.”

Na ce ina da maza huɗu. Sai ya yi dariya, mahalban nan biyu suka taya shi. Ya ce, “Ɗiyan birni? Ɗiyan mace? To ki ji, ƙanwata. Ran da wani ɗan cikinki ya sa kibiya uku jere a faifai, gaban mahalba, ki zo ki amsa. Ku shaida.” Suka ce sun shaida, suna dariya har suka fita zaure.

Na juya na dubi babana. Ya tura ƙwaryar fura gefe, ya juya fuskarsa wajen bango. Bai kai damina ba. Mutane suka ce tsufa ne, ban yi musu gardama ba, amma na san ranar da ciwon ya fara.

Faifan da yayana yake magana, al'ada ce ta mahalban wajenmu. In an gama kai hatsi rumbu sukan taru, a ɗaure faifan rufe ƙwarya a jikin wata tsohuwar aduwa, sarkin baka ya auna taku talatin, kowa ya saki kibiya uku. Mai sa ɗaya ana yaba masa. Mai sa biyu a yi masa kiɗa. Uku jere, a iya sanina, babana ne kaɗai ya saba yi. Yayana bai taɓa yi ba ko sau ɗaya, amma da bakan nan a hannunsa aka naɗa shi sarkin baka.

Shekara ta fi talatin ina riƙe da maganar. Na je bikin ɗiyansa, na je ta'aziyyar uwarsa, mun ci a kwano ɗaya da matarsa. Bai taɓa gani a fuskata ba. Manyan ɗiyana uku suka tafi bida, neman kuɗi, Abijan tun da ƙuruciya, sai dai murya a waya. Ya rage auta, wanda ya zama tela a bakin kasuwa, mutum mai sanyi, mai mata ɗaya da ɗiya uku, wanda in kaza ta shiga shagonsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Har na fara cewa a raina da maganar za a kai ni kushewa.

Wata rana da la'asar ina tsince wake, na ji auta yana ba matarsa labari yana dariya. Wai wani tsohon soja ya buɗe ajin koyon halbi a fili bayan unguwa, da bakunan Turawa, Asabar da Lahadi. An ba shi ɗinkin rigunan masu koyo, da ya kai sai aka ce ya gwada, kibiyarsa ta farko ta shiga tsakiya.

Na ajiye faranti. Na ce, “Kai auta, zo nan. Ta biyu fa?”

Ya ce, “Ta biyu ta sami katanga, Inna.”

“Asabar za ka koma.”

“Ai wasa ne, Inna. Yara ne ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, a wurin.”

“Ban tambaye ka su wa ke wurin ba.”

Ran Asabar na ɗauki tabarmata na bi shi. Tsohon sojan nan, sarjan suke ce masa, dogo ne siriri, yana ta tsawa da Faransanci, yara suna jere da bakuna masu ƙyalli da kibau masu gashi a gindi. Auta ya tsaya a ƙarshen layi, ya fi kowa tsufa, kunya kamar ta kashe shi. Ya saki goma. Biyu sun shiga, sauran kowace da inda ta nufa. Da aka tashi kowa ya ruga wajen allon da ake halba, ni kuwa na tafi inda ya tsaya. Wurin kamar inda kaji suka yi tono.

Sarjan ya zo ya tsaya kaina. Ya ce, “Hajiya, wani abu ya faɗi?”

Na ce, “Ban je Makka ba tukuna. Dubi nan. Mutum ɗaya ya tsaya, sawu ya kai na mutum bakwai. Ta ina kibiya za ta san hanya?”

Ya duƙa ya duba, ya ɗago ya dube ni. Ya ce wata uku yana hwaɗa wa yaran nan haka, ba mai ji. Ya tambaye ni inda na koya, na ce inda ba a tsawa. Daga ranar in na zo shi da kansa yake gyara mani wuri a inuwa.

Na gaya masa ba bakan Turawa nake so ba. A gindin aduwa ba wanda zai yarda da kibiya mai gashi. Wani tsohon mahalbi ɗan Kalfu, mai shimfiɗa magunguna a kasuwa, ya ɗaure mana baka irin na gida, tsirkiyar fata, da kibau na kyauro. Sarjan ya ɗaga shi ya juya, ya ce wannan ba ya yafe kuskure ko kaɗan. Na ce shi ya sa nake son sa.

A gida na kwaɓa laka a bayan ɗakina, na sa auta ya tsaya a ciki ba takalmi, na yi ta gyara ƙafafunsa da sandata har suka zauna yadda na tuna. Ya fita a hankali, rana ta busar da wurin, sawu biyu suka kafe kamar an zuba siminti. Kullum da safe kafin ya tafi shago sai ya shiga cikinsu ya saki ashirin a wani faifai da na ɗaure a buhun yashi.

Ƙafa ta zauna, hannu ya ƙi. Yau ya ja zuwa kunne, anjima zuwa baki, shi kuma ya rantse wuri ɗaya yake kai wa. Na gaji da gardama. Na kifa tukunyar tuwo, na sa ya goga babban yatsansa a baƙin gindinta kafin kowane ja. Da ya cika ashirin na ce wa matarsa ta kawo madubi.

Ta zo, ta dube shi, ta durƙushe tana dariya. “Wayyo Inna, kin mayar mani da miji zabo!”

Tun daga haɓa har kusa da ido ɗigo-ɗigo ne baƙi. Ya daɗe yana kallon madubin. Na ce, “Ƙirga.” Ya ƙirga sha huɗu. Na ce ran da suka zama ɗaya za mu tafi ƙauye, kuma ran nan na gaya masa abin da ke ƙauyen. Ya san labarin sama-sama tun yana yaro, amma bai taɓa ji daga bakina ba. Ya ɗauki buta ya wanke fuska.

Daga sha huɗu suka koma tara, suka daɗe a biyar har raina ya fara ɓaci. Damina ta zo ta narkar da lakata, na sake kwaɓawa a ƙarƙashin rumfa. Gero na fitar da kai ɗigon ya zama biyu, kusa da juna. Ana cikin girbi ya zama ɗaya, ƙasan kunne, har sabulu ya daina fitar da shi duka, masu kawo ɗinki suna tambayarsa ko ƙuna ce. A filin sarjan yana sa bakwai cikin goma, wani lokaci takwas. Na aika ƙauye cewa muna zuwa.

Muka shiga motar kasuwa zuwa Takanamat, daga can amalanken jaki. Yayana ya tarbe mu a ƙofar gida, ya tsufa, gemu fari fat, amma idon nan nasa mai auna mutum yana nan. Ya rungume auta, ya ce ɗana, ɗana, ya sa aka yanka masa zakara. Ni ya ce mani, “Ƙanwata, ashe ba ki mantuwa.” Na ce, “Ina mantuwa, yaya. Jiya ma na manta inda na aje carbina.”

Da hantsi aka taru. Mata ba sa matsawa kusa, muna can bakin shingen wata gona, amma idona bai mutu ba. Mahalba suka yi nasu, mai ɗaya, mai babu, mutum biyu suka sa biyu aka yi musu kiɗan garaya. Aka kira ɗan birni. Ya taka, ya dasa ƙafa yadda na koya masa, ya ja, ya saki. Faifai ya yi tsalle a jikin aduwa. Kibiya ta shiga.

Sai na ga yayana ya tashi daga buzunsa. Bai yi sauri ba. Ya zo ya tsaya dab da kafaɗar auta, ya harɗe hannu a baya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sa albarka. Daga baya auta ya ce mani ba abin da ya hwaɗa sai, “Madalla ɗana. A hankali, kawunka na nan kusa da kai.”

Daga inda nake na ga wuyan auta ya sauka. Kafaɗunsa suka zubo, haɓarsa ta nemi ƙirji, idonsa ya bar faifai ya dawo rabi. Ƙafafunsa suna daidai, yatsansa ya je muƙamuƙi, amma muƙamuƙin ya bar inda yake. Kibiya ta biyu ta caki ƙasa taku biyar kafin aduwa. Ta uku ma haka.

Yayana ya juyo wajen mata ya ɗaga murya. “Ƙanwata! An ce dai ya iya ɗinki ko? A aiko mani da riga kafin salla!”

Aka yi dariya har da tafi. Na tsaya ban ƙifta ba har suka gama.

A mota auta yana ta ba ni haƙuri, amma ba haushinsa nake ji ba. Wa ya koya masa sunkuyar da kai in babba ya tsaya kusa da shi? Ni ce. Tun yana ɗan shekara huɗu, in ya ɗaga ido ya kalli babba sai ya ji ranƙwashi a tsakar kai. Na yi alfahari da shi a unguwa, ana cewa ba yaro mai ladabi kamar nawa. Yayana ya san gidan da muka fito, ya san irin renon da zan yi, bai buƙaci wata laya ba. Da hannuna na ba shi abin da ya kayar da ni. A filin sarjan kuwa duk yara ne, ba wanda auta zai sunkuya wa, shi ya sa ban gani ba.

Kwana uku ban fita ba. Ran na huɗu na yafa mayafi na tafi gidan surukin auta, uban matarsa, wani tsohon mai sayar da fatu. In akwai wanda auta yake jin nauyi a duniya, shi ne. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi tun daga nesa, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Muka gaisa, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya cire hula ya sosa kai.

Ya ce, “Wato in zo in tsaya kusa da mijin ɗiyata, shi kuma ya miƙe wuya kamar raƙumi, ya yi kamar ba ni nan?”

Na ce, “Haka.”

“Ke da kanki za ki lalata yaron da kika gyara?”

“Minti biyu kullum. Sauran yinin naka ne, ya yi ta rusuna maka.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce tun da ya bar zuwa kasuwa zaman gida ya ishe shi, zai zo.

Da auta ya gan shi ya shigo da safe, baka ya faɗi daga hannunsa. Ya zube ƙasa yana gaisuwa. Na bari ya gama, har da tambayar gajiya da iyali da dabbobi, ban katse shi ba. Sannan na ce, “Ka gama? Akwai saura?” Ya ce babu. Na ce, “To ladabinka ya ƙare a nan ƙasa, ka bar shi nan, ba mai ɗauka. Tashi. Daga sawun nan zuwa faifai ba ka da suruki, ba ka da kawu, ba ka da uwa. In ka saki ta uku ka dawo ka ɗauki kayanka.”

Ranar ko buhun yashin bai samu ba. Gumi ya jiƙa masa riga kamar an watsa masa ruwa. Tsohon kuwa abin ya yi masa daɗi. Ya tsaya dab da shi yana cewa, “Yauwa, mijin ɗiyata. Da wannan hannun kake riƙe almakashi? Allah ya jiƙan yadin mutane.” Matar auta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada ta ga ubanta da mijinta a haka.

Bayan sati biyu auta ya same ni ni kaɗai. Bai zauna ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Inna, mi bakan nan zai ƙara mani? Ba dawa zan shiga ba. Barewa ma ta ƙare. Kawu ya tsufa, gobe ko jibi ne. Ni kaka ban san shi ba.”

Na ce, “Ka san shi. A cinyarsa kake zaune ran da aka fita da bakan. Da ya juya wajen bango, ni na ɗauke ka.”

Ban tsaya nan ba.

“Ban taɓa roƙon ka komai ba. Ƴan uwanka sun aiko da atamfa, sun aiko da waya, ban ce su aiko ba. Kai wannan nake so. In ba za ka iya ba ka hwaɗa mani yanzu, in daina kwaɓa laka.”

Washegari na ji ƙarar tsirkiya tun kafin in gama alwala.

Na ƙara da wata dabara. Na ɗaura zare a reshen rumfa da ɗan ƙulli a ƙarshe, daidai inda tsakar kansa take in ya miƙe. In yana jin ƙullin a gashinsa, wuya yana daidai. In ya daina ji, ya sunkuya. Sarjan da ya ga haka ya kai dabarar filinsa. Surukin kuma ya fara zuwa da abokansa na majalisa, tsofaffi uku huɗu, su kewaye auta suna tari, suna gyaran murya, wani ya kira shi da sunan yarinta, wani ya ce ya miƙo masa buta. Da farko yakan juya. Daga baya na ga ranar da limamin unguwa da kansa ya yi masa magana yana cikin ja, bai waiga ba sai da kibiya ta tafi, sannan ya zube yana neman gafara. Liman ya dube ni ya ce, “Allah ya shirye ki.” Na ce amin.

Kaka ta zagayo muka koma. Wannan karon mutane sun fi yawa, har daga Tebaram, domin labarin riga ya zaga. Na sa auta ya ɗinka rigar kuwa, fara, mai aiki a wuya, ya kai wa kawunsa da hannu biyu a gaban kowa. Yayana ya saka ta nan take yana juyi, ana dariya.

Da aka kira auta, bai nufi wurin tsayawa ba. Ya tafi gaban buzun kawunsa ya durƙusa, ya gaishe shi doguwar gaisuwa, ya gaida kowane tsoho da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka fara ƙosawa. Sannan ya tashi. Na ga tashin, na san ya bar abin a ƙasa.

Ta farko ta shiga. Yayana ya taso kamar bara, ya tsaya a kafaɗarsa, bakinsa yana motsi. Ta biyu ta shiga, kusa da ta farko har kyauron suka taɓa juna. Mai garaya ya fara kiɗa, wani ya tsawata masa ya bari. Sai na ga yayana ya ɗaga hannu ya dafa bayan auta, a tsakanin kafaɗu, kamar mai lallashi. Wannan ba a yi. Wani tsoho ya ce, “Sarkin baka, ɗauke hannunka.” Ya ɗauke, amma bai matsa ba.

Auta ya ɗora ta uku. Ya ja, yatsa ya sami baƙin tabon nan. Ya daɗe a haka, ko ni ce na ga ya daɗe. Ya saki. Ta kama gefen faifai, can bakin saƙa, ta tsaya tana rawa. Mutum huɗu suka ruga suka duba, ɗaya ya ɗaga hannu ya ce tana ciki.

Ban yi guɗa ba, wasu matan suka yi. Na ƙetare shingen na taka har tsakiyar maza, abin da mace ba ta yi, ba wanda ya tare ni. Cikin shaidu biyu na ranar nan ɗaya ya rasu, ɗayan yana nan, ya kurumce rabi. Na tsaya gabansa na ɗaga murya. “Baba, ka shaida ko ba ka shaida ba?” Ya ce ya shaida, kuma ranar ma bai ji daɗin dariyar da ya yi ba. Na ce wannan tsakaninsa da Allah.

Aka aika gida aka ɗauko bakan. Ya yi baƙi ƙwarai, amma an shafe shi da mai, an kula da shi, ba zan yi ƙarya ba. Yayana ya riƙe shi a cinya. Cikin sabuwar rigar nan sai ya zama ɗan ƙarami. A nan auta ya koma autan da na sani. Ya durƙusa, ya ce, “Kawu, ka riƙe shi. In Allah ya yi maka cikawa bayan shekaru masu yawa, sai a kawo mani.”

Tsofaffi suka fara cewa madalla, ɗan albarka, haka ake so. Yayana ya ɗago ya dube ni, idonsa da ruwa. Na san abin da kowa yake jira in ce.

Na ce, “Auta, ba kai aka yi wa alkawari ba. Cewa ya yi in zo in amsa. Na zo. Ni ba na taɓawa, kai ne hannuna. Miƙa hannu.”

“Inna, don Allah.”

“Miƙa hannu.”

Ya miƙa, kansa a ƙasa. Yayana ya ɗora masa bakan, sannan kwari. Ya ce, “Ƙanwata, zuciyarki dutse ce.” Na ce, “Na ji, yaya. Rigar ta yi maka kyau.”

Har muka iso Tahoua auta bai yi mani magana ba. Ya kafa ƙusa a bangon zaure ya rataye bakan, ya tafi shago. Ya fi wata yana gaishe ni a taƙaice. Yanzu mun koma daidai, ko kusa da daidai. Filin sarjan yana zuwa jefi-jefi, ya taya shi gyara tsayuwar yara, amma bakan kakansa bai taɓa ja ba, ni ma ban ce ya ja ba. Na ji an ce yayana bai fita taron da ya biyo baya ba, wani aka sa ya auna takun.

Da bazarar bana matar yayana ta zo Tahoua ganin likita saboda ƙafa. Ba ta da masauki sai gidana, kuma ba zan bari a ce matar yayana ta kwana a tasha ba. Na yanka mata kaza, na dama mata fura da nono mai kyau, na sa jikata ta raka ta asibiti kullum. Ɗakina akwai zafi, sai na ce a yi mata shimfiɗa a zaure inda iska ke shiga. Ni na shimfiɗa tabarmar da kaina, na juya matashin yadda in ta buɗe ido bangon nan za ta fara gani. Kwana tara ta yi. Ran da za ta tafi na ba ta cuku da ganyen shayi ta kai masa, na ce ta gaya masa duk abin da ta gani a gidana lafiya yake.